Mma Safura da Saniyar Bawku

Duk direban da ya yi aiki a tashar Salaga a shekarun tamanin ya san rumfar Mma Safura. Ni sunana Mahamudu, na yi shekara goma sha tara ina jan mota tsakanin Salaga da Yendi, kuma rabin naman da ke jikina daga tukunyarta ya fito. Shinkafa da wake take sayarwa, da taliya da ganda da baƙin yaji. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ba ta cika dariya ba, amma ita ke sa mutane dariya.

Jikar fataken goro ce. Kakanta da jakuna ya shigo Salaga, ya yi aure ya zauna. Shi ya sa Hausarta cikakkiya ce irin ta tsofaffin gidaje, ba irin ta tasha ba, wadda ake ce wa mace "kai". In ka yi mata irin wannan Hausar, sai ta gyara maka kafin ta zuba maka abinci.

Mijinta Zibrim ya taɓa zuwa Legas neman arziki. A shekarar tamanin da uku, da aka koro mutanen Ghana, ya dawo da jaka ɗaya da wata ƙatuwar rakoda mai lasifika biyu, mai cin batir shida. Ya koma cinikin doyarsa. Shi kuwa mutum ne da ba ya son hayaniya, don haka rakodar ta yi wata uku a ƙarƙashin gado kafin Mma Safura ta goge ta, ta ɗora a ka, ta kawo rumfa. Daga nan ta samu aiki na biyu wanda ba wanda ya ɗauke ta, ba kuma wanda ya isa ya sallame ta.

Akwai wani Mutala mai sayar da kaset a bakin tashar. Wata rana ya zo cin abinci da sabon kaset a aljihu, ya ce a gwada masa. Aka sa. Mma Safura tana wanke kwanuka, ba ta ce komai ba har aka gama fuska biyu. Sannan ta ce, "Mai ganga ya iya. Mai waƙar kuwa yunwa yake ji, ka ji yadda yake haɗiye ƙarshen magana." Muka yi dariya. Amma da na sa kaset ɗin a mota washegari, wallahi sai na ji mutumin yana haɗiye ƙarshen magana, kuma ban sake iya jin wani abu ba sai wannan.

Haka abin ya zama al'ada. Duk ranar da kaya suka iso wa Mutala daga Kumasi ko Tamale, bayan azahar, in tukunya ta ƙare, sai ya kwaso sababbin ya kawo rumfa. Direbobi mu zauna a benci. Dokarta biyu ce: ba a magana in kaset na juyawa, kuma ba a yanke hukunci sai an ji fuska biyu. Mu kuwa hannunta muke kallo. In ta dakata da wanke-wanke ta tsaya da soso a hannu, kaset ya ci. In ta jawo babbar tukunya ta hau kankara da ƙarfi, to, Mutala ya fara share zufa.

Ba ta jin Turanci sai na ciniki, ba ta jin Indiyanci ko yaren Kwango ko kaɗan, amma wannan bai taɓa hana ta ba. Lokacin da aka fara kawo sabon kiɗan hailaif ɗin da 'yan Ghana ke yi a Jamus, wanda samari suka haukace a kai, ta saurara ta ce gangar ba ta da hannu. Mutala ya ce ai na'ura ce ke bugawa. Ta ce, "Na ji. Ba ta gajiya, ba ta kuskure, ba ta jin daɗi. Ina ruwana da ita?" Wani kaset na kiɗan rege kuma, da aka fassara mata cewa mawaƙin kan wahalar talaka yake kuka, sai ta ce kukan ya yi, amma kiɗan tafiyar wanda ya ƙoshi yake yi. Ta so shi duk da haka, ta ce yana da daɗin tsince wake. Akwai wani na kalangu da ya zo daga Najeriya, ta ƙirga alhazai talatin da ɗaya a fuska ta farko, ta ce a juya ko waƙar tana ɗaya gefen.

Ba kushe kawai ta iya ba. Na ga ranar da aka sa wani kaset na masu gogen Yendi, wanda aka ɗauka a tsakar gida har ana jin zakara da babur a ciki. Ta tsaya da soso a hannu har kumfa ta bushe. Da ya ƙare ta ce, "A bar zakaran, shi ma ya san abin da ya ji." Ranar Mutala bai koma da ko ɗaya ba.

Mu direbobi mu ne muke kai maganarta gari-gari. Abin da ta faɗa yau a Salaga, gobe yana Bimbila da Yendi, jibi yana Gushegu. Ni ne na fi kowa wannan aikin, kuma ba zan ɓoye ba, nakan ƙara ɗan gishiri.

Abin da zan ba da labari ya faru ne da daminar tamanin da bakwai. A lokacin batir ba abin wasa ba ne. Mma Safura takan jera nata a kan kwanon rumfa su sha rana, da yamma su ɗan farfaɗo. To, a makon nan an yi kwana uku rana ba ta leƙo ba. A rana ta ukun Mutala ya zo da kaset huɗu. Aka ji na Indiya, ta ce matar tana da murya amma an tara mata masu goge kamar ɗari, sun hana ta numfashi. Aka ji wasu biyu. Na huɗun wani baƙon abu ne: wani Alidu daga Bawku, mai kiɗan kologo, wato irin molon nan mai tsirkiya biyu na mutanen can. Ba wanda ya taɓa jin sunansa. A jikin kwalin akwai hoton wani ɗan siririn mutum cikin rigar saƙi, ya zare ido kamar an tsare shi a shingen 'yan sanda.

Mutala ya danna. Sai muka ji wani abu ya taso daga ƙasa, mai kauri, a hankali, yana jan kowace kalma kamar ana fizgo ta daga rijiya. Kologon kuma yana tafiya ɗaya bayan ɗaya, tsakanin bugu da bugu kana iya shan ruwa. Muka kalli hoton, muka kalli juna. Mma Safura ta jawo babbar tukunya.

Ta daure har aka juya fuska ta biyu. Muryar ta ƙara nutsewa. Can cikin waƙa ta biyu sai ta yi wani dogon gurnani, rakodar ta tsaya cik.

"Kun gani," in ji Mma Safura. "Ita ma ta ƙi."

Mutala ya ce, "Mma, hukunci fa?"

"Wannan ba aikina ba ne, aikin likitan dabbobi ne. Na taɓa jin saniya tana naƙuda a bayan gidanmu, kuma ta fi shi sauri."

Wani direba ya faɗo daga benci don dariya. Mutala ya kwashe sauran kaset ɗin Alidu ya tura ƙasan akwati. Ba wanda ya yi tunanin batir. Da sati ya zagayo ta sayi sababbi, amma wa zai sake neman jin saniya? Ni kuwa washegari kafin in kashe mota a Yendi na riga na ba mutum goma labarin.

Wata biyar suka wuce. Rannan aka yi suna a gidan wani mahauci a unguwarsu. Matarsa Lamisi 'yar Bawku ce, danginta sun zo da tasu rakodar. Ina wurin, don mahaucin abokina ne. Mata na tsakar gida, mu muna ƙofar gida muna jiyo kiɗa: wata siririyar murya mai zaƙi, tana gudu tana juyi, kologo na bin ta kamar ƙafar mai rawa. Na leƙa, sai na ga Mma Safura, wadda ban taɓa ganin ta yi rawa ba, tana kaɗa kafaɗa da faranti a hannu.

Da waƙar ta ƙare ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "To, wannan ita ce waƙa! Lamisi, ashe garinku akwai mawaƙa? Don me kuka bar wannan a gida kuka aiko mana da saniya?"

Lamisi tana riƙe da jariri, ta dube ta ta ce, "Mma, shi ne."

"Shi ne wa?"

"Saniyar. Alidu ne, ɗan kawuna."

Mma Safura ta ajiye farantin. Ta ce a ba ta kwalin. Ga ɗan siririn mutum nan da zararrun idanu. Ba ta jira rabon nama ba, ta ari kaset ɗin ta tafi gida.

Washegari ta tara mu a rumfa. Ta sa kaset ɗin da sababbin batir, murya ta fito siririya. Ta cire su ta zuba wasu tsofaffi da ta tono a kwando, saniya ta dawo. Ta sake canzawa, ta sake canzawa. Ba wanda ya yi dariya sai Mutala, shi ma da ta kalle shi sai ya mai da ita tari. Ranar ce kaɗai na taɓa cin shinkafarta da ƙauri.

Ta ce, "Mahamudu, har ina ka kai maganar nan?"

Na ce, "Yendi kawai, Mma."

"Daga Yendi fa?"

Lamisi ta riga ta gaya mata cewa a Bawku yanzu ba mai kiran Alidu da sunansa.

Ta ce za ta je Bawku. Zibrim ya zo har tasha yana roƙon mu mu hana ta. "Mace da jikoki," in ji shi, "ta rufe tukunya ta tafi har bakin iyakar Burkina don ta ba mai kologo haƙuri? A aika masa da doya mana."

Ta ce, "Malam, doya ce ta ce masa saniya?"

A ƙarshe dai ya kawo doyar, guda shida manya, ya ce tunda za a je a tafi da ita. Ni kuma ta ce tunda bakina ne ya kai maganar, ƙafata ce za ta raka ta. Na bar wa abokin aikina mota a Yendi, na zama fasinja.

A tashar Yendi akwai wani Musah mai kaset. Muna sauka muka ga mutane sun kewaye teburinsa suna ƙyaƙyatawa, kuma daga tsakiyarsu muna jiyo gurnanin da muka sani. Mma Safura ta kutsa. Musah yana da rakoda biyu: ɗaya ta gwada kaset, ɗaya kuma ya ware ta da matattun batir, don masu cewa a sa musu Alidu "irin na Salaga". Shi ya gano sirrin tun tuni, bai gaya wa kowa ba, don abin yana kawo masa jama'a.

Ya ga baƙuwa, ya gyara tsayuwa. "Mma, ba ki san labarin ba? Wata tsohuwa ce a Salaga, makauniya, ta haura shekara ɗari. Ba ta taɓa kuskure ba. Ranar da aka sa mata wannan kaset, shanun unguwa duka suka tsinke igiya suka taru a ƙofar gidanta."

Mma Safura ta juyo ta kalle ni. Na rantse mata shanun ba nawa ba ne. Makantar ma ba tawa ba ce. Shekara ɗarin ce kawai nake ɗan shakka.

Ta ce wa Musah, "Ni ce tsohuwar."

Ya dube ta sama da ƙasa ya yi murmushi. "Haba Mma. Ai waccan ba ta gani."

"Ina gani. Ina ganin matattun batir a cikin rakodarka. Cire su."

Sai da direbobi uku suka shaide ta kafin ya yarda. Ya ba ta kujera, ya aika a kawo mata ruwan sanyi, ya kuma yi alkawarin ba zai sake ba. Muna barin wurin, kafin mu kai bakin titi, muka jiyo saniya ta ci gaba.

Muka kwana gidan wata 'yar'uwarta, da safe muka shiga motar Bawku. Hanya ce mai tsawo, ta Gushegu, a gangara dutsen Nakpanduri, a bi ta Garu. Direban yana da kaset ɗaya tak, na Kwango, ya yi ta juya shi tun daga Yendi. A zagaye na huɗu Mma Safura ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Ɗana, mutanen nan sun iya jita, ba musu. Amma kowace waƙa sai sun yi minti biyar suna gaisawa kafin su fara. Ni yanzu na san su, sun san ni. Ka huta." Ya kashe. Fasinjoji suka yi mata godiya, wata mata ta ba ta dafaffen ƙwan zabo.

Mun isa Bawku da la'asar. Kasuwa na ci, ko'ina warin albasa. Na tambayi wani mai shayi inda zan sami Alidu mai kologo. Ya ce Alidu da yawa a garin nan. Mma Safura ta runtse ido ta ce, ƙasa-ƙasa, "Saniya."

"Au, Saniya! Ku bi nan, bayan masu buhu, gindin dalbejiya. Yana gyaran keke."

Muka same shi a tsugune yana liƙe tayar keke, ya fi hotonsa ƙanƙanta. Matarsa Abibata tana gefe tana suyar ƙosai. Muka yi sallama, aka ba mu benci, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na ajiye doya. Sannan Mma Safura ta ce daga Salaga take, sunanta Safura, kuma ita ce ta yi maganar nan.

Alidu Bakusashe ne, ba Bahaushe ba, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya miƙe a hankali da tayar a hannu.

"Kai ne?"

Na ga bakin Mma Safura ya motsa zai gyara masa, ta danne. "Ni ce."

"Kai ne ya sa yara suna bi na suna muu? Kai ne ya sa na je gaishe da surukina, ya ce a kawo mini dusa? Ka san ni? Na ci maka wani abu? Ka ji muryana?" Ya ja wata siririyar murya sama har wani kare ya ɗaga kai. "Wannan saniya ne?"

"Ba saniya ba ce," in ji Mma Safura. "Batir ɗina ne suka mutu. Na yanke hukunci a kan abin da ba kai ka yi ba, ban ma kai ƙarshen kaset ɗin ba. Na zo in ce ka yafe mini."

Alidu ya tsaya. Ina jin ya daɗe yana shirya abin da zai gaya wa tsohuwar Salaga in sun haɗu, amma bai shirya wa wannan ba. Ya dubi doya, ya dube ta. "Daga Salaga ka taso don wannan?"

Abibata ta kwashe ƙosai ta ce, "Ka gaya mata sauran mana."

"Wane saura?"

"Mma, kafin maganarki ba mai kiran shi wasa sai dangi. Yanzu har Navrongo ake zuwa ɗaukar shi. Kowa yana son ya ga Saniya. In ya fito ɗan mitsitsi haka, ya buɗe baki, sai wuri ya rikice. Kwanon da ke kan ɗakinmu maganarki ce ta sa shi."

"Amma sai sun ce in yi kukan!" in ji Alidu. "Ina tsakiyar waƙa mai ma'ana, sai wani ya ce yi irin na Salaga!"

"Kana yi?" in ji Mma Safura.

Ya sunkuyar da kai. "Sau ɗaya, a ƙarshe."

Ta ce a gaban jama'a ta ɓata shi, don haka a gaban jama'a za ta wanke shi. Muka taka zuwa tasha, ni da ita da Alidu, Abibata ta bar wa maƙwabciya kasko ta biyo mu. Mma Safura ta hau kan wani buhun albasa, na riƙe mata hannu, ta yi bayani tiryan-tiryan: damina, rana, batir, suna a gidan Lamisi. Mutane suka saurara da ladabi. Da ta gama wani dattijo ya ce Allah ya yi mata albarka, irinta sun yi ƙaranci. Sannan ya juya ya ce, "Saniya, ka ji, an wanke ka." Kowa ya tafa.

Muka koma gindin dalbejiya. Alidu ya huce, har ya ɗauko kologo ya yi mana waƙa biyu, ya sa sunan Mma Safura a ciki. Abibata ta kawo tuwo da miyar kuka. Da ma a nan aka tsaya, da an rabu lafiya. Amma Alidu ya wanke hannu ya gyara zama ya ce, "To Mma, yanzu da ka ji shi daidai, yaya ka gani?"

Na taka mata ƙafa. Ta janye ƙafarta.

"Muryarka tana da kyau, hannunka ya fi muryar. Fuska ta farko ba abin da zan taɓa. Waƙar da ka yi wa mai noman albasa, na ji ta sau tara."

Alidu ya washe baki.

"Fuska ta biyu kuwa, ka gaji. Waƙa ta uku, Lamisi ta fassara mini, magana ɗaya ce ka maimaita sau goma sha bakwai. Ta ƙarshen kuma ba waƙa ba ce, godiya ce ga mai sayar da taki. Kuma wanda ya ɗauke ka ya ajiye na'urar kusa da kologo, nesa da bakinka."

Murmushin ya tafi. "Sau goma sha bakwai ɗin nan, kowane da ma'anarsa!"

"To ni goma sha shida sun wuce ni."

"Ka ji Kusasanci ne?"

"Ba na ji. Amma na san mutumin da ya rasa hanyar fita daga waƙa."

"Na gaya masa," in ji Abibata. "Tun ranar na gaya masa."

Alidu ya miƙe tsaye. Wallahi fushin da ya yi yanzu ya ninka na farko. Ya ce saniya ya yafe, don wannan kuskuren batir ne, amma wannan da kunnenta ta yi shi, ba zai yafe ba. Ya ɗauko kologo ya ce sai ya yi mata waƙa ta ukun nan a gabanta, ta nuna masa inda ya ɓata. Ya fara. A maimaici na shida ta ɗaga hannu ta ce, "Nan." Ya ci gaba da ƙarfi yana kallon ta cikin ido har goma sha bakwai, ya ƙara uku don haushi.

Washegari shi ya rako mu tasha, ɗauke da buhun albasa da zabi biyu na Zibrim, yana tafe yana gardama. Mota ta tashi yana bin taga yana cewa mai takin mutumin kirki ne.

Da muka dawo Salaga, Mma Safura ta ƙara doka ta uku: kafin a sa sabon kaset, sai an fara sa wani tsoho da kowa ya san muryarsa. Mutala ya tono na Alidu daga ƙasan akwati, suka ƙare cikin sati biyu. Ni kuma ta hana ni kai maganarta ko'ina na wata uku, hukuncin da na cika kusan rabinsa.

Bayan shekara biyu, wata rana da azahar, sai ga Alidu a tashar Salaga da ƙurar hanya a gira. Ya yi sabon kaset a Kumasi, bai bari an buga da yawa ba tukuna, ya ce sai an ji a rumfa. Ya ci abinci, ya zauna a ƙarshen benci ya haɗa gwiwa kamar mai jiran allura. Aka sa. Mma Safura ta tsaya da soso sau uku, na ƙirga. Da aka gama ta ɗauraye hannu ta goge a zani.

"Waƙa ta huɗu," in ji ta.

"Na sani," in ji Alidu. "Ya yi tsawo."

"Ka sani, ka bar ta?"

"Na uwata ne. Ya rasu bara. Duk inda na yanke sai in ga kamar na bar shi a hanya."

Mma Safura ta ce a mayar da ta huɗun. Muka sake ji tun daga farko, minti goma sha ɗaya, ba wanda ya yi motsi. Da ta ƙare ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Ta yi tsawo, kada ka taɓa ta." Sannan ta ce ta biyar ce za a cire gaba ɗaya, suka hau gardama har aka kira la'asar.

Ta ci gaba da rumfar har tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da gwiwa ta hana ta tsayuwa, 'yarta Salimatu ta karɓi tukunya. Salimatu ta fi uwarta iya yaji, amma duk abin da aka sa mata sai ta ce yana da daɗi. Mutala ya gwada ta sau biyu ya haƙura. Daga nan sai ya riƙa ɗaukar kaya yana bin Mma Safura har gida, mu biyu ko uku mu bi shi in ba lodi. Takan zauna a tabarma a ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafa. Zibrim kuma, da ya ga mun shigo da akwati, sai ya ɗauki buta da carbi ya tafi masallaci tun lokacin salla bai yi ba.